Na'urar kunna faifan CD

Na'urar kunna faifan CD, wadda jama'a ke kira sidi a taƙaice, na'ura ce ta lantarki da ke karanta sautin da aka adana a matsayin lambobi a jikin faifan CD, ta mayar da shi sautin da ake ji ta lasifika. Kamfanin Philips na ƙasar Holan da kamfanin Sony na ƙasar Japan ne suka haɗu suka ƙirƙiro tsarin, kuma na'urar farko ta shiga kasuwa a shekarar 1982. Kowace na'ura tana da manyan sassa biyu. Na farko shi ne makarancin faifai, wanda ke juya faifan ya ɗebo lambobin da ke jikinsa. Na biyu shi ne masauyin sauti, wanda aka fi sani da DAC, mai mayar da lambobin zuwa igiyar lantarki da amfilifaya za ta ƙarfafa. Ana samun sassan biyu a cikin akwati ɗaya, ana kuma sayar da kowane daban.

A garuruwan arewacin Najeriya irin su Zariya da Kano, yawancin na'urorin da ake samu a kasuwa tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje, ko kuma na'urorin DVD masu araha. Saboda haka lafiyar idon na'urar, da yanayin wutar lantarki, da ƙura, da irin faifan da za a saurara sun fi tasiri wajen zaɓe fiye da sunan kamfanin da ya ƙera ta.

Suna

Asalin kalmar faifai a Hausa tana nufin kewayayyen abin da mata ke saƙawa da kaba, wanda ake rufe ƙwarya ko bakace da shi. Da garmaho ya zo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, sai aka ara wa baƙin farantin da ke ɗauke da waƙa wannan suna saboda kamar da suka yi, aka ce faifan garmaho. Daga nan sunan ya bi CD da VCD da DVD, har ya kai ana cewa faifan bidiyo ga hoton da aka ɗauka da waya, ko da babu wani faranti a zahiri. Jam'in kalmar shi ne fayafai ko faya-fayai.

Tarihi

Philips da Sony sun fitar da ƙa'idojin faifan sauti a shekarar 1980, a wani kundi da ake kira Jan Littafi saboda launin bangonsa. An fara buga fayafai don sayarwa a watan Agusta na 1982 a masana'antar PolyGram da ke Langenhagen, kusa da birnin Hanoba a Jamus. A ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara Sony ya fitar da na'urar CDP-101 a Japan, sannan Philips ya kawo CD100 kasuwannin Turai a farkon 1983. A 1984 Sony ya fitar da D-50, ƙaramar na'ura da ake iya ɗauka a hannu, wadda daga gare ta aka sami jerin Discman.

Na'urorin farko suna da tsada ƙwarai, amma farashi ya yi ta sauka har CD ya zarce faifan garmaho a manyan kasuwannin duniya kafin ƙarshen shekarun 1980, ya kuma zarce kaset a farkon shekarun 1990. Tun a tsakiyar shekarun 1980 wasu kamfanoni suka fara raba makaranci da masauyi a akwati biyu. Cambridge Audio na Ingila ya fitar da CD1 mai akwati biyu a 1985, kamfanin Arcam kuma ya fitar da masauyinsa mai suna Black Box a 1988, wanda ake haɗawa da na'urar da mutum yake da ita tun da farko. Faifan VCD mai ɗaukar hoto ya fito a 1993, DVD kuma a 1996. Cinikin CD ya kai ƙololuwa a Amurka a shekarar 2000, lokacin da aka fitar da fiye da fayafai miliyan 900, daga nan ya fara raguwa saboda MP3 da sauraro ta intanet.

Yadda take aiki

Faɗin faifan CD milimita 120 ne, kaurinsa milimita 1.2. Ana yin sa da wata roba mai haske da ake kira folikabonet, a shimfiɗa mata siririn alminiyom mai mayar da haske, sannan a rufe da fenti da rubutun suna. Bayanan suna kwance a wani layi ɗaya tak na ƙananan ramuka, wanda ya naɗe daga tsakiyar faifan zuwa bakinsa. Tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye maikiromita 1.6 ce, kuma da za a warware layin zai wuce kilomita 5.

Idon na'urar yana harba hasken leza mai tsawon zango nanomita 780 a kan wannan layi, ya karanta yadda hasken ke dawowa. Faifan yana juyawa kusan sau 500 a minti ɗaya idan ido yana tsakiya, ya ragu zuwa kusan sau 200 idan ya kai baki, domin layin ya riƙa wucewa da gudu iri ɗaya. Babu abin da ke taɓa jikin faifan, shi ya sa yawan kunnawa ba ya cinye shi kamar yadda allura ke cinye faifan garmaho.

Ana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya ga kowane ɓangare, dama da hagu, kuma kowane awo yana da bit 16, wato matakai 65,536. Wannan ya isa ɗaukar sauti har zuwa 22,050 Hz, alhali kunnen ɗan Adam mai lafiya yana tsayawa ne a wajen 20,000 Hz. Jimillar bayanan da ke fita a daƙiƙa ɗaya bit 1,411,200 ne. Faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74, na baya-bayan nan kuma minti 80.

An tsara bayanan ta yadda na'urar za ta iya gyara kuskure da kanta. Tsarin da ake kira CIRC yana warwatsa bayanan a wurare daban-daban tare da ƙarin lambobin tantancewa, ta yadda ƙarzuwar da ta ɓata kusan milimita 2.5 na layin ba ta hana a dawo da ainihin lambobin ba. Idan ɓarnar ta fi haka, na'urar takan yi kirdadon abin da ya ɓace, idan kuma ta yi yawa sai sauti ya yanke ko ya yi tsalle.

Makarancin faifai

Makarancin faifai, wanda 'yan kasuwa ke kira taransifot, ya ƙunshi tiren da ake ɗora faifai, da motar da ke juya shi, da ido, da kewayen lantarkin da ke riƙe ido a kan layi. Idan an sayar da shi shi kaɗai, ba ya fitar da sautin da za a kai amfilifaya kai tsaye, sai lambobi kawai. Misalansa na zamani sun haɗa da Audiolab 6000CDT da Cambridge Audio CXC.

Duk na'urar CD ko DVD da ke da mafitar dijital a bayanta za ta iya yin aikin makaranci. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke haɗa tsohuwar na'urar DVD da masauyi na daban. Tun da makaranci ne kaɗai sashen da ke motsi, shi ne ya fi saurin lalacewa. Hasken leza yakan raunana da shekaru, robar da ke jan tire takan saki, maiƙon da ke kan sandar ido kuma yakan bushe ko ya cakuɗa da ƙura. Kamfanoni da yawa sun yi amfani da idanu iri ɗaya daga masana'antu kaɗan, kamar jerin KSS na Sony, da CDM da VAM na Philips, da SF-P101 na Sanyo. Na'urar da ke ɗauke da ido irin wanda ya yawaita ta fi sauƙin gyara fiye da wadda aka daina ƙera idonta.

Masauyin sauti

Masauyin sauti yana karɓar lambobi ya fitar da igiyar lantarki mai hawa da sauka daidai da sautin asali. Na'urorin Philips na farko sun yi amfani da ƙwaƙwalwar TDA1540 mai bit 14, tare da dabarar ninka awo sau huɗu don cike giɓin, daga baya aka fitar da TDA1541 mai bit 16. A ƙarshen shekarun 1980 aka koma ga tsarin delta-sigma, wanda ya fi araha wajen ƙerawa, kuma shi ne a cikin yawancin na'urori da wayoyin hannu na yau. Manyan masu ƙera ƙwaƙwalwar masauyi sun haɗa da Burr-Brown, wanda Texas Instruments ya saya a 2000, da Cirrus Logic, wanda ya sayi Wolfson na Sikotilan a 2014, da ESS na Amurka, da AKM na Japan.

Masauyi na daban yakan karɓi sauti daga wurare da yawa: makarancin faifai, kwamfuta ta hanyar USB, talabijin, wani lokaci har da waya. Kamfanonin ƙasar Sin irin su Topping da SMSL da FiiO, da Schiit na Amurka, suna ƙera masu sauƙin kuɗi. Akwai kuma ƙananan akwatuna marasa fitaccen suna da ake amfani da su wajen haɗa talabijin na zamani da tsohuwar amfilifaya, waɗanda ingancinsu ya bambanta sosai daga ɗaya zuwa ɗaya.

Akwai saɓani tsakanin masu sha'awar sauti a kan girman bambancin da ke tsakanin masauyi mai tsada da mai araha. Wasu suna cewa suna jin bambancin a fili. Masu aune-aune kuma suna nuna cewa kurakuran masauyin zamani da aka ƙera da kyau sun yi ƙasa da abin da kunne ke iya ji. A wani gwaji da E. Brad Meyer da David Moran suka wallafa a 2007, masu sauraro sun kasa bambance sautin fayafai masu awo mafi yawa, irin su SACD, da sautin da aka rage zuwa ma'aunin CD, idan ba su san wanda ake kunnawa ba. An soki wasu ɓangarori na gwajin, amma ɓangarorin biyu sun yarda cewa lasifika da ɗakin da ake sauraro sun fi masauyi canza sauti.

Wayoyin haɗi

Sautin da ya riga ya bi ta masauyi yana fita ta kafofi biyu na RCA, ja don dama, fari don hagu, da ƙarfin kusan bolt 2. Ana haɗa shi da mashigar CD ko AUX ta amfilifaya. Mashigar garmaho an yi ta ne don sigina mai rauni ƙwarai, saboda haka haɗa CD da ita yana jawo sauti mai kaushi.

Lambobi kuma suna fita ta tsarin S/PDIF, wanda yake da hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce wayar tagulla mai kan RCA guda ɗaya, mai juriyar om 75. Ɗayar ita ce wayar haske ta TOSLINK, wadda kamfanin Toshiba ya fitar a 1983. Wayar haske ba ta ɗaukar lantarki tsakanin na'urori biyu, don haka takan kawar da gurnanin da ake ji a lasifika idan wayoyin gida ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa. Idan na'urar DVD ce ke aikin makaranci, ana saita mafitarta a kan PCM, domin masauyi mai ɓangare biyu ba ya fahimtar Dolby Digital ko DTS, sai ya yi shiru ko ya fitar da hayaniya.

A arewacin Najeriya

Kafin zuwan CD, kaset ne ya mamaye ƙasar Hausa. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, da karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi, duk sun fi yaɗuwa ta kaset da gidajen rediyo. Fina-finan Hausa ma da kaset ɗin bidiyo suka fara, tun daga Turmin Danya na 1990, kuma kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafi da rarraba su. A shekarun 2000 harkar ta koma kan VCD, sannan DVD, lokacin da na'urori masu araha daga ƙasar Sin suka cika kasuwa. Ta wannan hanya ce faifai ya shiga yawancin gidaje. Na'urar da ke kunna sauti zalla ba ta taɓa yawaita kamar ta kallo ba.

Wannan tarihi ya shafi irin fayafan da ke hannun mutane. Kaɗan ne daga cikinsu aka buga a masana'anta bisa ƙa'idar Jan Littafi. Mafi yawa fayafan CD-R ne da aka kwafa da kwamfuta, kuma da yawa suna ɗauke da MP3. Sautin MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana da kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na bayanan CD, shi ya sa faifai ɗaya ke ɗaukar kusan awa 12 na tafsiri ko waƙa. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya kuma galibi daga kaset aka kwaso su, tare da shuuwar kaset ɗin. Masauyi, komai tsadarsa, ba ya dawo da abin da ya ɓace tun wajen ɗauka ko matsewa.

A Zariya, ana samun na'urorin a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, musamman yankin PZ da kewayen babbar kasuwa, da kuma Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Tsofaffin kayan waje, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, sukan biyo ta Legas, inda kasuwar Alaba ta yi suna a wannan harka, ko ta Kano da Kaduna. Masu gyaran rediyo da talabijin a unguwanni irin su Jushi da Muciya da Hanwa su ne ke sauya ido da robar tire, sau da yawa da kayan da suka ciro daga wata matacciyar na'ura. Tun daga shekarun 2010 cinikin fayafai ya ja baya sosai, yayin da masu tura waƙoƙi da fina-finai a waya da memori suka karɓe kasuwar.

Wutar lantarki da yanayi

Ma'aunin wutar Najeriya bolt 230 ne a kan 50 Hz. Na'urorin da aka ƙera don Ingila da sauran Turai sun dace da wannan. Na Amurka suna aiki da bolt 120, na Japan da bolt 100, kuma saka su kai tsaye a soket yana ƙona su, sai an bi ta taransifoma mai rage wuta. Ana ganin ma'aunin a rubuce a bayan akwatin. Yawancin na'urorin DVD suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, abin da ke sa su jure raunin wuta fiye da tsofaffin na'urorin CD masu nauyin taransifoma. Bambancin 50 Hz da 60 Hz ba ya sauya gudun waƙa, domin na'urar tana da agogonta na ciki.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Zariya da sauran jihar Kaduna, tare da jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Inda wuta ke yawan ɗaukewa ko hawa da sauka, akan yi amfani da sitabilaiza, a kuma cire filogi idan an ɗauke wuta ko lokacin tsawa, domin bugun da ke zuwa da dawowar wuta yana lalata kayan ciki. Na'urar CD ba ta cin wuta sosai, galibi wat 10 zuwa 20, don haka ƙaramin inbata ko sola yana ɗaukarta. Ƙananan masauya da yawa suna aiki da bolt 5 na USB, wanda batirin cajin waya ke iya bayarwa.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, takan kwanta a kan ido ta rage hasken da ke dawowa, sai na'urar ta ce babu faifai alhali yana ciki. Zafin bazara a watannin Maris da Afrilu yana gajarta ran kafasito, wanda ƙa'idar masu lantarki ta ce rayuwarsa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Shi ya sa ake rufe na'ura da ƙyalle idan ba a amfani da ita, ba a kuma ɗora ta a kan amfilifaya mai ɗumi.

Zaɓen na'ura mai sauƙin kuɗi

Hanyoyi uku ne suka fi yawa ga mai son haɗa sautin gida da kuɗi kaɗan. Ta farko ita ce na'urar CD mai akwati ɗaya, sabuwa kamar Yamaha CD-S303 ko Denon DCD-600NE ko Marantz CD6007, ko tsohuwa daga Sony, Technics, Philips, Pioneer da makamantansu. Ta biyu ita ce na'urar DVD mai mafitar dijital tare da masauyi na daban. Ta uku ita ce kwafe fayafan zuwa kwamfuta a tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil zuwa kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, sannan a saurara ta masauyin USB.

Irin fayafan da mutum yake da su ne ke fara raba gardama. Na'urorin CD na shekarun 1980 da 1990 ba sa karanta MP3 ko VCD, kuma da yawansu ba sa karanta CD-RW, wanda ke mayar da kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kansa, alhali faifan masana'anta yana mayar da kashi 70 ko fiye. Wanda tarinsa na MP3 da VCD ne, na'urar DVD ta fi masa amfani. Wanda yake da fayafan masana'anta ne zai ci moriyar na'urar sauti zalla, wadda ta fi saurin karanta faifai, ta fi shiru wajen juyawa, kuma ba ta buƙatar talabijin don zaɓen waƙa.

Wajen gwada tsohuwar na'ura, masu saye kan je da faifansu, ɗaya na masana'anta ɗaya CD-R. Ido mai lafiya yana nuna adadin waƙoƙi cikin 'yan daƙiƙu. Idon da ya fara rauni yakan karanta na masana'anta ya ƙi CD-R, ko ya yi tsalle a waƙoƙin ƙarshe da ke bakin faifai. Akan bar na'urar ta yi aiki na wani lokaci, domin wasu matsalolin ba sa bayyana sai ta yi ɗumi. Ana kuma duba buɗewa da rufewar tire, da fitar sauti ta dama da hagu, da hasken allon gaba, da ko akwai rimot, tun da wasu na'urori ba a iya saita su sai da shi. Kafin biyan kuɗi akan tambayi mai gyara ko ana samun idon wannan samfuri a kasuwa.

Kula da fayafai

Ana riƙe faifai ta bakinsa da ramin tsakiya, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ƙarzuwar da ta bi zagayen faifai ta fi ɓarna, domin tana shafe dogon yanki na layi ɗaya, fiye da abin da tsarin gyaran kuskure zai iya cikewa. Ɓangaren da aka yi rubutu ya fi ɓangaren mai sheƙi rauni, saboda bayanan suna dab da ƙarƙashin fentin, kuma idan ya ɓare ba ya gyaruwa. Fayafan CD-R suna adana bayanai ne a jikin wani rini da hasken rana da zafi ke kashewa, don haka faifan da aka bari a mota ko kusa da taga yakan daina karantuwa. Masu riƙe da tsofaffin waƙoƙi da karatuttukan da ba a samu a wani wuri ba sukan kwafe su zuwa kwamfuta ko memori tun faifan yana karantuwa.